Kuɗin Shago Daban, Kuɗin Marayu Daban

Ɗana, idan Allah ya buɗa maka a kasuwa har zuciyarka ta fara raya maka kafa gidauniya, ko don marayu, ko don haƙa rijiyoyi, ko don biya wa marasa ƙarfi kuɗin magani, to ina taya ka murna, domin ba kowane mai samu ake ba irin wannan zuciyar ba. Amma kafin ka kira mai fenti ya rubuta allo, kafin a buga riguna da huluna masu tambarin ƙungiya, zauna ka saurare ni. Maganata ɗaya ce, sauran duk bayaninta ne: kuɗin shago daban, kuɗin gidauniya daban. Daban a takardar rajista, daban a banki, daban a littafin lissafi, daban a hannun masu riƙo. Mutanen kirki da yawa sun zubar da mutuncinsu a wannan harka ba tare da sun ci ko kwabo ba. Abin da ya kayar da su shi ne ranar da aka tambaye su, sun kasa nuna cewa ba su ci ba.

Tushen ɓarnar wata 'yar magana ce mai daɗin faɗi: "Ai duk nawa ne." Shagon nawa ne, gidauniyar ni na kafa ta, kuɗin da ke cikinta daga aljihuna suka fito, to wa zai tuhume ni? Ɗana, ranar da ka zuba naira ɗaya a asusun gidauniya da sunan sadaka, ta fita daga mulkinka. Shari'a ta faɗi haka, dokar ƙasa ma haka ta faɗa. Kai da kake mai dukiya ka koma mai gadi. Iyayenmu mata sun riga mu gane wannan. Tsohuwa mai sayar da ƙosai takan ƙulle uwar kuɗinta a wannan gefen zane, kuɗin adashin da aka ba ta ajiya a wancan gefen, kuma ko gishiri ya yanke mata ba ta kwance ƙulli na biyu. Duk dokokin da zan lissafa maka ba su wuce wannan ba.

Mu fara da rajista. A Najeriya ƙofar ɗaya ce, Hukumar Rajistar Kamfanoni, wato CAC, kuma dokar da take aiki da ita ita ce dokar kamfanoni ta CAMA wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a watan Agusta na 2020. Ɗan kasuwa yana da hanya biyu. Ko dai ya yi rajistar sunan kasuwanci, a ba shi lamba mai farawa da BN, ko ya kafa kamfani mai hannun jari, a ba shi lambar RC. Bambancinsu ba ƙarami ba ne. Mai sunan kasuwanci, shi da shagonsa abu ɗaya ne a idon doka, bashin shago bashinsa ne, har gidansa da motarsa ana iya bi. Kamfani kuwa yana tsaye da ƙafarsa, yana mallaka, yana cin bashi, ana kai shi ƙara da sunansa. Dokar 2020 ta ma sauƙaƙa, mutum ɗaya tak yana iya kafa ƙaramin kamfani. Amma ka sani, daga sunan kasuwanci har kamfani mai hannun jari babu wanda aka yi don aikin sadaka.

Aikin alheri yana da tasa ƙofar. Wadda yawancin masallatai da coci-coci da ƙungiyoyin unguwa suke bi ita ce rajistar amintattu, mai lamba da ke farawa da IT. Za ku naɗa amintattu, aƙalla mutum biyu, a taron da aka rubuta abin da aka tattauna. Za ku rubuta kundin tsarin ƙungiya, wanda zai fayyace manufarku, da yadda ake naɗa amintacce da sauke shi, da yadda ake tara kuɗi da kashe su da bincikarsu. Sannan a buga sanarwa a jaridu biyu, a jira kwana 28 ko akwai mai ƙorafi a kan sunan ko a kan mutanen. Ba a naɗa yaro, ko mai taɓin hankali, ko wanda kotu ta ayyana ya karye bai farfaɗo ba, ko wanda aka kama da laifin zamba cikin shekaru biyar da suka gabata.

Akwai ƙofa ta biyu, kamfani mara hannun jari, wanda za ka ga an rubuta Ltd/Gte a ƙarshen sunansa. A nan mambobi suna ɗaukar lamunin cewa idan aka rushe kamfanin da bashi a kansa za su biya wani adadi, wanda doka ta ce kada ya gaza naira 100,000. Ana neman amincewar Antoni Janar na Tarayya kafin a yi masa rajista, shi ya sa yakan fi jan lokaci. Ya fi dacewa da wanda yake da niyyar gudanar da babban aiki mai shigar kuɗi, kamar asibiti ko cibiyar koyon sana'a. Shi ma ba a raba ribarsa ga mambobi. Wacce ƙofa ta dace da kai? Wannan tambaya ce ta lauya, kuma kuɗin da ka biya lauya a farkon tafiya shi ne mafi arha a duk tafiyar.

Wataƙila ka ce mene ne na wannan wahala, tunda kakanninmu sun ciyar da almajirai a zaure ba tare da takarda ba. Gaskiya ne. Idan alherinka daga hannunka ne zuwa bakin mabuƙaci, babu wanda ya ce sai ka yi rajista. Amma da zarar aikin ya mallaki fili, ko ya ɗauki ma'aikata, ko ya fara karɓar kuɗin jama'a, lissafi ya sauya. Ka duba wannan da kyau. Mutum ya sayi fili a bayan gari, ya gina ajujuwa shida na Islamiyya da ɗakin kwanan marayu. Kowa a unguwa ya san ya bayar don Allah. Amma takardar mallakar filin tana ɗauke da sunansa, tana cikin akwatinsa tare da takardun shagunansa. Ranar da ya cika, aka zauna rabon gado, mai rubutu ya lissafa filin cikin dukiya. Cikin magada akwai wanda bashi ya shaƙe, akwai wadda ba ta taɓa jin maganar daga bakin mamacin ba. Shaidu biyun da aka yi maganar a gabansu, ɗaya ya rasu, ɗaya ya tsufa. Wa zai hana a sayar? Da an yi rajistar amintattu, an mayar da filin sunan gidauniya, da mutuwarsa ba ta taɓa ajujuwan ba, domin gidauniya mai rajista ba ta mutuwa da mutuwar mai ita. Amintacce ya tafi, a naɗa wani, fili yana nan.

Ba mutuwa kaɗai ba. Kasuwa tana da nata ranakun. Waɗanda suka ga gobarar kasuwar Sabon Gari ta Kano a 2016 sun ga yadda attajiri yake kwana da dukiya ya tashi da bashi. Idan masu bin ka bashi suka samo hukuncin kotu, duk abin da ke ɗauke da sunanka suna iya kai hannu gare shi, har da motar ɗaukar marasa lafiya da ka saya don Allah amma ka yi mata takardu da sunanka. Raba dukiyar nan kariya ce ga marayu daga faɗuwarka.

Wajen naɗa amintattu kuma, kada ka cika kujerun da matarka da ɗanka da yaron shagonka. Doka ba ta hana dangi zama amintattu ba, amma hikimar kujerar ita ce a samu wanda zai iya kallon idonka ya ce, "Alhaji, wannan bai halatta ba." Yaron da kake biya albashi ba zai iya ba. Nemo malami mai tsoron Allah, da wanda ya san lissafi, da mace mai kishin aikin idan mata da yara za ku yi wa hidima. A sa hannu biyu a kan asusun banki, kuma kada hannu na biyu ya zama wanda yake sa hannu a takarda fara ya bar maka.

Ka kuma san abin da ka ɗaura wa kanka. Doka ta ce kuɗi da kadarar gidauniya a manufarta kaɗai za a kashe su, ba a raba wa mambobi ko sisi da sunan riba ko garaɓasa. Wanda ke majalisar gudanarwa ana iya mayar masa da abin da ya kashe daga aljihunsa, ana iya biyan sa hayar da ta dace idan gininsa ake amfani da shi, amma kujerar ba ta cin albashi ba ce. Ranar da aka rushe gidauniya kuwa, abin da ya rage bayan biyan bashi ba ya komawa ga wanda ya kafa ta, wata ƙungiya mai irin manufarta ake miƙa wa. Idan zuciyarka ba ta yarda da wannan sharaɗi ba, to ba ka shirya ba tukuna.

Yanzu ga maganar haraji, inda ruɗu ya fi yawa. Za ka ji ana cewa a majalisa, "Yi rajistar ƙungiya, ka huta da 'yan haraji." Ƙarya ce mai tsada. A watan Yuni na 2025 Shugaba Bola Tinubu ya sa hannu a kan sababbin dokokin haraji, suka fara aiki ranar 1 ga Janairu, 2026, hukumar harajin tarayya FIRS ta koma NRS. Abubuwa da yawa sun sauya, amma ƙa'idar da ta shafe ka tana nan yadda take tun tsohuwar doka: an yafe wa ƙungiyar addini ko ta jinƙai harajin abin da ta samu, da sharaɗi biyu. Na farko, aikinta ya zama na amfanin jama'a, ƙofarsa a buɗe. Asusun da aka kafa don biya wa 'ya'yanka da na ƙannenka kuɗin makaranta zumunci ne mai lada, amma bai cika wannan sharaɗi ba. Na biyu, kada kuɗin su fito daga ciniki ko kasuwancin da ƙungiyar take yi. Gudummawa da kyauta da tallafi an yafe su. Ribar saye da sayarwa kuwa riba ce, ko wane allo aka kafa a ƙofar shagon.

Bari in kawo maka shi kusa. A ce gidauniyarku ta gaji da roƙo, kuka yanke shawarar buɗe gidan burodi don ribarsa ta riƙa ciyar da marayu. Tunani ne mai kyau. Da asuba masu babura suna layi, ana loda musu burodi, yaro yana rubuta na kowa a littafi, da yamma su kawo ciniki. Wannan kasuwanci ne sak, kamar na maƙwabcinku mai gidan burodin da ba shi da gidauniya. Mai karɓar haraji ba ya tambayar inda ribar za ta, yana tambayar inda ta fito. Kuma ka yi masa adalci: da za a yafe maka, da kowane mai gidan burodi da mai fiyawata ya wayi gari da gidauniya, wanda ya ƙi yin ƙarya kuma a kore shi daga kasuwa da farashi. Haka abin yake idan kun gina zauren taro kuna bayar da haya don biki, ko kun sayi motoci suna jigila.

Hanya mai tsabta ita ce kasuwancin ya zauna a kamfaninsa, da lambarsa ta RC, da asusunsa, da littafinsa. Ya yi ciniki, ya biya abin da doka ta ɗora masa, sannan ya ba gidauniya gudummawa da takarda, gidauniya ta ba shi rasit. Babban kamfani yana biyan kashi 30 cikin 100 na ribarsa, ƙananan kamfanoni kuma doka ta ɗauke musu wannan haraji muddin cinikinsu bai haura iyakar da aka yanka ba, don haka mai ƙaramin jari ba shi da dalilin ɓuya a bayan marayu. Doka ta ma ba kamfani dama ya cire gudummawar da ya bai wa ƙungiyar da ta cancanta daga ribar da za a yi wa haraji, amma da iyaka, kada ta wuce kashi 10 cikin 100 na ribar shekarar. Abin da ya haura haka sadaka ce tsakaninka da Ubangijinka, ba ta rage maka haraji. Kafin ka dogara da wannan rangwame, sa akanta ya tabbatar gidauniyar tana cikin waɗanda hukuma ta amince da su. Idan kuma gidauniya ce ta mallaki hannun jari a kamfanin, ribar da za a ba ta akan cire mata kashi 10 tun daga tushe. Manyan da kake jin sunansu haka suka tsara abinsu. Gidauniyar Aliko Dangote, wadda aka kafa a 1994, tana da rajistarta da majalisarta daban da kamfanonin siminti da sukari. Abdul Samad Rabiu ma da ya tashi a 2021, shirin ASR Africa ya kafa, bai mayar da kamfaninsa na BUA ƙungiyar agaji ba.

Ko gidauniyar da ba ta sayar da ko tsinke tana da nauyin haraji a wuyanta. Dole ta mallaki lambar shaidar haraji, wadda ake kira TIN. Dole ta miƙa bayanin shigarta da fitarta ga hukuma kowace shekara, ko da ba za ta biya komai ba, domin yafiya ba ta ɗauke bayani, kuma rashin miƙawa yana jawo tara. Idan kuna da malamai da direba da mai gadi a kan albashi, ku ne za ku cire harajin albashinsu, wanda ake kira PAYE, ku kai wa hukumar haraji ta jiha kafin 10 ga watan da ke biye. Sabuwar doka ta ɗauke haraji daga naira 800,000 na farko na samun mutum a shekara, saboda haka ƙananan ma'aikata da yawa ba abin da za a cire musu, amma sunayensu da albashinsu sai sun shiga takarda. Idan kun biya ɗan kwangila ko kun biya hayar ofis, akwai kason da doka ta ce ku riƙe ku miƙa wa hukuma a madadinsa, na haya kashi 10 ne. Idan ba ku riƙe ba, ku za a bi. Harajin VAT na kashi 7.5 kuma kuna biyan sa a kan kayan da kuka saya kamar kowa, sai dai kayan abinci na asali da magunguna da littattafan karatu waɗanda ba a ɗora musu.

Wurin da ƙafa ta fi zamewa shi ne inda shago da gidauniya suke ciniki da juna. Azumi ya kawo jiki, gidauniya za ta raba shinkafa buhu 200, kai kuma dillalin shinkafa ne a kasuwar Singa. Ina za a saya in ba wurinka ba? Babu laifi a saya a wurinka, amma da sharuɗɗa. Ka faɗa wa sauran amintattu a buɗe cewa kai ne mai kayan. A tambayo farashi a shaguna biyu ko uku, a rubuta. Ka tashi daga taron lokacin da za a yanke shawara. A biya ta banki, daga asusun gidauniya zuwa na kamfani, a yanki rasit mai kwanan wata. Buhun da aka rubuta mai kilo 50 ya zama mai kilo 50, kuma kada ya zama ragowar bara da ƙwari suka fara ci, wanda ka rasa mai saye. Hukumar haraji tana da ikon yin watsi da farashin da aka ƙulla tsakanin makusanta ta sa na kasuwa, amma tun kafin hukuma, ɗan dakon da ya loda buhunan ya san abin da ya ɗauka, kuma bakinsa ba a ɗinke yake ba.

Haka rance. Kaya sun iso, kuɗin fito bai cika ba, ga miliyan uku na marayu kwance a banki. Zuciya za ta ce ɗauka, nan da mako biyu ka mayar. Wataƙila ka mayar ɗin. Amma ka buɗe ƙofar da ba ta rufuwa, kuma ranar da kaya suka kwanta, ka zama mai cin dukiyar maraya ba tare da ka taɓa niyya ba. Motar gidauniya ba ta kai kayan shago kasuwar Dawanau. Yaron shago ba ya karɓar albashi daga asusun marayu. Girman mutum ba ya kare shi daga wannan. A Amurka, an rushe gidauniyar Donald Trump, kuma a 2019, yana kan kujerar shugaban ƙasa, wata kotu a New York ta umarce shi ya biya dala miliyan 2 saboda yadda aka yi amfani da gidauniyar a yaƙin neman zaɓensa. Ya kuma amsa cewa an kashe kuɗinta wajen sasanta shari'o'in kasuwancinsa, har da sayen hotonsa na dala 10,000 da aka rataye a wani otal nasa.

Sai maganar asusu. Abin da ya zama ruwan dare yanzu shi ne a ɗora hoton mara lafiya a Facebook ko WhatsApp, a sa lambar asusun mutum, alat ya yi ta shigowa yana cakuɗa da cinikin POS na shago. Ɗana, kada ka yi. Bayan wata shida ko kai ba za ka iya tsame na wane daga na wane ba, balle jami'in da ya buga bayanan asusunka ya ajiye maka a kan tebur. Buɗe asusu da sunan gidauniya. Banki zai nemi takardar CAC da TIN, kuma yawanci yakan nemi takardar SCUML, sashen da ke ƙarƙashin EFCC mai sa ido kan halasta kuɗin haram. Kada ka ji haushi. Duniya ta sa ido a kan ƙungiyoyin agaji domin an sha fakewa da su a tura wa 'yan ta'adda kuɗi, kuma Najeriya ta zauna a jerin ƙasashen da hukumar FATF take sa wa ido daga 2023 har zuwa Oktoban 2025. Dokar yaƙi da halasta kuɗin haram ta 2022 ta hana mutum biya ko karɓar tsabar kuɗi fiye da naira miliyan 5, ƙungiya ko kamfani fiye da miliyan 10, sai ta hanyar banki. Wanda ya zo da jaka cike da kuɗi ya ce a saka a gidauniya, a mayar masa da wani kaso ta asusun kamfaninka, ba mai taimako ba ne. Sallame shi tun daga zaure.

Zakka kuma ka ba ta shafinta daban. Ɗaya cikin arba'in na dukiyar kasuwancinka haƙƙi ne da aka ambaci masu cinsa kashi takwas, kuma mafi yawan malamai ba su yarda a gina masallaci ko a sayi kujerun ofis da ita ba. Idan ka zuba zakkarka a gidauniya, a rubuta ta da sunanta, a fitar da ita ga masu ita. Haraji ba ya sauke maka zakka a wurin mafi yawan malamai, zakka kuma ba ta hana mai haraji zuwa. Idan wakafi kake nufi, wato a tsare asalin dukiya a riƙa ciyar da amfaninta, jihohi irin su Kano da Sakkwato da Zamfara suna da hukumomin zakka da wakafi. Ka je ka ji tsarinsu, ka haɗa shaidar shari'a da takardar hukuma, kowacce ta ƙarfafi 'yar'uwarta.

Na san abin da ke cin ranka. Kana ganin yawan rubutu da rasit zai ɓata ikhlasi, tunda an fi son sadakar ɓoye. Ka bambance. Abin da ka ciro daga aljihunka ka danƙa wa maƙwabci da dare, ɓoye shi, Allah ya karɓa. Abin da mutane suka danƙa maka kuwa amana ce, kuma mai amana ba ya ɓoye lissafi. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani a kan rubuta bashi da kafa shaidu ta sauka. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi wa ma'aikacin zakka lissafi da ya dawo, ya kuma hau mumbari ya tsawatar a kan kyautar da ma'aikacin ya ce an ba shi. Ana iya sakaya sunan maraya don kare mutuncinsa, amma adadin da aka kashe masa dole ya bayyana.

Saboda haka kowace shekara a rufe littafi, a kira mai binciken kuɗi na waje ya duba, a miƙa rahoton shekara ga CAC. Wanda ya yi sakaci, tara tana taruwa masa, kuma duk mai waya yana iya bincika sunan gidauniyarsa a shafin hukumar ya ga an rubuta ba ta aiki. Babu mai bayar da tallafi da zai saki kuɗinsa bayan ya ga haka. Za ka ji ana muhawara a kan sashe na 839 na dokar CAMA, wanda ya ba hukumar ikon dakatar da amintattu idan an samu almundahana. Shugabannin addini sun yi ca a kansa, har wata Babbar Kotun Tarayya a Abuja ta yanke hukuncin soke shi a 2023. Bar lauyoyi su yi ta fafatawa. Kai dai riƙe littafinka yadda ko wa ya buɗe shi, ba za ka sunkuyar da kai ba.

Idan ka auna duk wannan ka ga ba za ka iya ba, babu abin kunya. Ba dole sai da sunanka a allo ake samun lada ba. Nemi gidauniya mai rajista da tsabtataccen lissafi, ka ba ta, ka karɓi rasit, ka koma shagonka da kwanciyar hankali. Gidauniyar da aka kafa da zumuɗi aka bar ta babu rahoto ta fi zama nauyi a kan magada.

Idan kuwa ka riga ka fara kuma abubuwa sun cakuɗe, kada ka jira sai an aiko maka da takarda. A wannan makon ka zauna da akanta, ku tsame abin da yake na gidauniya daga asusunka, ka mayar da duk abin da shago ya ranta. Ka ga lauya a kan takardun fili da na mota. Ka tara amintattu ka karanta musu lissafin da bakinka, ka kuma sanar da iyalinka a rubuce abin da ka fitar daga dukiyarka, don kada su ci haram bayan ranka da sunan gado. Allah ya sanya albarka a kasuwarka, ya karɓi abin da ka bayar, ya kuma tsare ka daga haƙƙin maraya.